Yadda Na Tsara Waƙar Mata Masu Aikin Gini

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare a Jos, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san cewa ganin mata a wurin gini ba baƙon abu ba ne. Su ne ke ɗebo ruwa, su ne ke jidar yashi da tsakuwa, kuma ranar zuba dekin su ne ke hawa da kankare a ka har saman bene. Abin yana da tushe, domin tun zamanin da Turawa suka buɗe ramukan kuza a farkon ƙarni na 20 matan wannan yanki suke ɗaukar ƙasa a kwanon sarki don neman abin sawa a baka, kuma da harkar kuza ta ja baya sai kwanon ya koma wuraren gini tare da masu ɗaukarsa. Rubutacciyar waƙar Hausa ta yi wa'azi, ta yi madahu, ta yi siyasa da ilimi da soyayya, amma ba kasafai take waiwayar irin waɗannan mata ba. Wannan ne ya sa na ƙuduri aniyar tsara musu waƙa, bisa sharaɗi guda da na gindaya wa kaina tun farko, wato waƙar ta faɗi aikin yadda yake, da kayansa da nauyinsa da ladansa, ba tare da ta mayar da masu yin sa abin tausayi ba.

Ban fara da wurin gini ba. Na fara da garinmu a ƙasar Katsina, saboda na san cewa matan Hausawa suna da nasu rabon a ginin gargajiya, kuma rabon nan yana da waƙa. Maza ne ke kwaɓa ƙasa su yi tubali, su jera azara, su yi yaɓe, su ɗora zanko, har tarihi ya riƙe sunayen gwanayensu, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830. Amma idan bango ya tashi aka yi rufi, ƙasan ɗaki na mata ne. Su ke yin daɓe, kuma waƙoƙin daɓe suna cikin waƙoƙin aiki na mata da muke koya wa ɗalibai tare da na niƙa da na daka da na raino, ko da yake yawancin ɗaliban yanzu ba su taɓa taka ɗakin da aka daɓe ba.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta tara mini ƙawayenta a tsakar gida bayan la'asar. Sun bayyana mini aikin daki-daki: a share ɗakin a daidaita ƙasarsa, a baza tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, sannan mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta su yi ta bugu har tsakuwar ta nutse ta haɗe. Daga nan sai a kawo ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a riƙa yayyafawa ana ci gaba da bugu, domin shi ne ke sa daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Aikin gayya ne, yawanci na ɗakin amarya, kuma ladansa fura ce da tuwo da goro. Da na roƙe su su rera mini waƙoƙin, sai suka yi ta kame-kame, wannan ta kawo ɗango guda ta tsaya, waccan ta ce ta manta. Gwaggo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai waƙar daɓe ba ta zuwa a zaune." Ta aika aka lalubo wani tsohon madaɓi a bayan rumbu, guntun itace mai nauyi wanda cikinsa ya yi sumul saboda bugu, mariƙinsa kuma ya ɗan lanƙwasa. Sauran suka ɗauki abin da ya samu, har da muciya, suka durƙusa suka fara dukan ƙasa tare. Bugun bai yi nisa ba sai ga waƙa ta ɓalle, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa, da yabon amarya, da habaici ga kishiyar da za ta tarar, da zambo ga dangin ango idan furarsu ta yi ruwa. Na naɗi muryoyinsu a waya, amma abin da na fi amfana da shi shi ne lura da cewa kowane bugu yana faɗawa ne a kan gaɓa mai nauyi, kuma mai bayarwa ba ta taɓa bari kalma ta saɓa wa hannu. Idan kalma ta yi tsawo sai ta datse ta, idan ta gaza sai ta ja ta.

Da na dawo Jos na nemi izinin shiga wani wurin gini da ke kusa da unguwarmu, inda ake ɗora hawa na biyu a kan wani gida. Foman ya yarda bisa sharaɗin in tsaya inda ba zan tare hanya ba, ya kuma ba ni shawarar in zo ranar zuba dekin idan aiki nake son gani. Dalilinsa shi ne dekin ba ya son a yanke shi, ana so a zuba shi gaba ɗaya a yini guda domin kada wani sashe ya sandare kafin a haɗa shi da na kusa da shi, a sami rauni a mahaɗar. Saboda haka ranar ake ɗaukar lebura da yawa, kuma tun da asuba ake farawa.

Lissafin da suke bi shi ne wanda magina ke kira 1:2:4, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a wurinsu kwanon sarki 2 ne, don haka kowane buhu yana jan kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa, ban da ruwa. Duk wannan sai ya bi ta kan mutum kafin ya shiga injin kwaɓawa, sannan ya sake bi ta kan mutum kafin ya isa sama. Maza ne ke riƙe da shebur a bakin injin suna cika kwanuka, birkiloli kuma suna sama suna baza kankaren a kan rodin da aka saƙa, amma layin da ke tsakanin ƙasa da sama kusan duk mata ne. Kowace ta naɗa gammo da tsohon zane, wasu sun sa takalmin roba mai tsawo, wasu sun ɗaure ƙafafunsu da leda da tsumma saboda siminti yana cin fata. Tsanin da suke hawa katakai ne aka jingina a karkace aka buga musu 'yan sanduna a gicciye don kada ƙafa ta zame, kuma yana lanƙwasawa kaɗan duk lokacin da mutum biyu suka haɗu a tsakiyarsa. Na tsaya kusa da gindinsa ina kallon wata mata mai kimanin shekarun yayata. Idan aka ɗora mata kwano sai ta ɗan tsaya har nauyin ya zauna, ruwan siminti yana gangarowa ta gefen kunnenta, sannan ta fara hawa da taku mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, hannu guda a bakin kwano, ɗayan a sake. Idan ta juye ta juyo, sai ta sauko da ɗan gudu-gudu, kwanon yana lilo a hannunta.

Babu mai waƙa a cikinsu, kuma dalilin a fili yake. Ƙarar injin ta cika wurin, mai hawa da kaya tana buƙatar duk numfashinta, sannan kowace tafiyarta take yi ita kaɗai, ba kamar masu daɓe ba da dole hannuwansu su faɗi tare. Daɓe ya haifi waƙa domin aikin yana bukatarta, siminti kuwa ya kashe daɓe bai kawo wata waƙar a madadinsa ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan cewa waƙar da zan rubuta tana da gurbi, kuma a gindin tsanin nan na sami karinta.

Masu nazarin waƙa sun san cewa karin rubutacciyar waƙar Hausa yana tafiya ne bisa nauyin gaɓa. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, marar nauyi kuwa ita ce mai gajeren wasali kawai. Malaman jihadi, ciki har da Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864), sun gina waƙoƙinsu a kan karuruwan Larabci, daga baya kuma mawaƙa irin su Alhaji Aƙilu Aliyu suka nuna cewa ana iya ɗauko kari daga waƙar baka a zuba masa rubutattun baitoci. Ni kuma na zaɓi karin Larabcin nan da ake kira Mutadarik, a sigarsa da Hausawa suka fi sabawa da ita, wadda kowace ƙafa take zuwa ko dai da gaɓa biyu masu nauyi, ko da biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi, ƙafa 4 a kowane ɗango. Siga ta farko ita ce takun mai hawa, ta biyu kuma ita ce gudu-gudun mai saukowa, kuma duka biyun suna zama daidai a kan bugun madaɓi. Na gwada hakan da kaina ta hanyar kunna muryar su gwaggo ina rera ɗangon farko a kai:

Kwanon sarki bisa kan gammo,
Ta hau tsani da tulin kaya.

Na tsayar da waƙar a ƙwar biyu, wato ɗango biyu a kowane baiti. Ƙwar biyar tana da kwarjini, kuma ita ce ke nuna gwanintar mai waƙa wajen amsa-amon ciki, amma tana tilasta wa mutum ya yi ciko, ni kuwa ina son kowane baiti ya zama kamar kwano guda, a ɗauka, a kai, a juye, a dawo. Babban amsa-amo na ɗauki "ya", domin yana da wadatar kalmomin da suka shafi jigon: kaya, gayya, hanya, baya, tafiya, manya.

Wahalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta sunayen kayan aikin. Kankare da birkila da lebura dukkansu suna da gaɓa marar nauyi guda ɗaya tak a tsakanin masu nauyi biyu, kuma wannan tsari ba shi da mazauni a sigar karin da na ɗauka. Mawaƙi yana da damar ya ja wasali ko ya datse shi don larura, amma idan aka yi wa kalmar da kowa ke furtawa kullum irin wannan, kunne yana ƙin ta nan take, balle kunnen waɗanda kalmar ta sana'arsu ce. Siminti ya shiga ba gardama muddin aka sa masa "da" a gaba. Kankare kuwa sai na warware shi zuwa abubuwan da suka haɗa shi, kuma ina ganin baitin ya fi ƙarfi a haka, domin ya nuna hanyar da kowannensu ya bi:

Yashi, dutse da ruwan tanki,
Duk sun bi ta kanta suna tafiya.

Baitocin daɓe sun zo da sauƙi, wataƙila saboda kalmominsu sun daɗe suna zama a bakin waƙa. Na sa su a tsakiya ba a farko ba, don kada mai sauraro ya ɗauka waƙar kewar zamanin da ce:

Tun da, mata suka san madaɓi,
Makuba, tsakuwa, waƙa, gayya.

Sashen lada shi ne na fi daɗewa a kansa. A wurin ginin nan na ga yadda ake sallamar lebura da yamma, na kuma ji daga bakin matan cewa wani lokaci akan ce su dawo gobe, goben kuma ta zama jibi, alhali da kuɗin yinin ake sayen garin da za a tuƙa a daren. Na rubuta baitoci masu zafi a kan haka, na kuma rage su da gangan, saboda zagin ɗan kwangila abu ne mai sauƙi da kowa zai tafa masa, amma yana janye ido daga kan matan ya mayar da shi kan wani. Na bar baiti biyu, ɗaya daga ciki ya jingina da hadisin nan da ya umarci a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe:

Ku biya ta gumi bai bushe ba,
Haka Manzo yai mana tarbiyya.

Da na haɗa abin da ya samu, na kai wa wani dattijo da ya koyar da ni aruli, wato ilimin karin waƙa, wanda har yanzu ba ya yarda ya duba waƙa da ido kafin ya ji ta da kunne. Ya sa na rera ta daga mabuɗi har marufi yana buga yatsa a kan tabarma, duk inda yatsan ya tsaya sai in sa alama. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka ɗango yana iya yin kyau a takarda alhali ya karye a baki, kuma rerawa ce kaɗai ke tona wannan. Ya tsaya a wurare da dama, yawancinsu inda wakilin suna "ta" ya zo, domin wani lokaci dogo ne wani lokaci gajere, gwargwadon lokacin aikatau. Mun yi 'yar jayayya a kan mabuɗi. Shi yana son in tsawaita yabon Ubangiji da salati kamar yadda magabata suka saba, ni kuma na tsaya a kan baiti biyu, domin waɗanda na yi waƙar dominsu za su ji ta ne a ɗan hutun cin abinci. Ya ce, "To, Malama, waƙarki ce," ya ci gaba da buga yatsansa.

Matakin ƙarshe shi ne mayar da waƙar wurin masu ita. Na koma lokacin da aka riga aka zuba dekin ana ba shi ruwa safe da yamma, domin kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma ban-ruwan nan ma matan ne ke yin sa. Aiki ya yi sauƙi, injin ya tafi, saboda haka na same su a inuwar bulo suna cin abinci. Yawancinsu Kiristoci ne 'yan ƙabilun Filato, Hausa ce harshen da ya haɗa su da juna da kuma sauran ma'aikata, kuma kunnensu ya saba da waƙar Hausa ta coci da ta zumuntar mata. Na rera musu a tsaye. Sun yi dariya a baitin da ya ambaci leda a ƙafa, suka gyara mini wani wuri da na sa mace tana cika kwanonta da kanta, suka ce ranar dekin mai shebur ne ke cikawa, kuma rigimarsu da shi kullum a kan ya cika ne fiye da kima. Da na zo baitin hadisi na ɗan dakata don in ga yadda za su karɓe shi, sai babbarsu ta ce ai su ma Littafinsu ya hana a bar ladan ma'aikaci ya kwana, don haka in bar shi yadda yake.

Akwai baiti guda da na zo da shi da ɗango biyu na rufewa, na ce su zaɓa. Ɗangon farko shi ne "Ran buɗe gida a kira manya," sai kuma ko dai "Ita ko an bar ta a can baya," ko kuma "Ita tai gaba, ba waigen baya." Dattijon malamina ya fi son na farko saboda ya fi taɓa zuciya. Matan kuwa ba su yi wata-wata ba. Babbar tasu ta ce, "Malama, wa ya bar mu? Ranar da suke buɗe gida mu muna wani ginin." Na ce, "To, Mama, na biyun ke nan." Na soke na farkon a gabansu, kuma wannan zaɓi ya sa na sake duba wasu baitoci uku da ke kusa da shi, na cire kalmomin da ke nuna ana yi mata abu na sa waɗanda ke nuna ita ke yi.

Su ne kuma suka kawo maganar amshi. Rubutacciyar waƙa tana iya tafiya ba amshi, kuma haka na tsara tawa, amma suka ce waƙar da ba ta da inda jama'a za su shiga ta mutum ɗaya ce. Wata daga cikinsu ta ɗauki baitin farko ta maimaita shi bayan kowane baiti da irin muryar zumuntar mata, saura suka bi ta, wata tana kaɗa cokali a gefen kwanon sarki. Karin bai karye ba, sai dai sun ja gaɓar ƙarshe fiye da yadda nake ja, kuma na karɓi hakan. Na naɗi wannan rerawar, na tura wa waɗanda ke da babbar waya a cikinsu ta WhatsApp, na kuma aika wa gwaggo ta hannun jikanta domin ta ji inda madaɓinta ya shiga.

A marufi na bi al'ada na ambaci sunana da garinmu, na ƙara baiti guda da ya ce an gyara waƙar a wurin gini da bakin masu aikin, ba tare da na ambaci sunan kowa ba, domin sun nuna ba sa son a san su a matsayin masu ƙorafin lada a garin da suke neman aiki kullum. Yanzu ina amfani da waƙar a aji idan mun zo darasin kari, ina kunna muryar masu daɓe da ta masu kwanon sarki a jere, sannan in sa ɗalibai su yanka ɗangogin gaɓa-gaɓa su fitar da ƙafafun da kansu. Waƙoƙin daɓen da na naɗo kuwa ina kan juyar da su a rubuce, kuma akwai wuraren da sai na koma Katsina na sake tambayar su gwaggo, saboda bugun madaɓi ya danne wasu kalmomin a cikin naɗin.